An Karrama Sunan, An Kori Mai Sunan

"Baba, matsa can, kana ɓata mana hoto!"

Da kunnena na ji wani ɗan koren magajin gari ya faɗi haka jiya, a gindin ginshiƙin nan na bakin tasharmu, hanyar Magariya. Wanda aka gina don tunawa da mutanenmu da suka tsallaka iyaka suka shiga soja, suka mutu a yaƙin basasar Najeriya, aka jera sunayensu a kansa.

Shekara da shekaru awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Da zaɓe ya matso, sai ga fenti, ga rumfa, ga jawabi da Faransanci.

Tsohon da ake kora, Baba Ilu, ya dogara sandarsa ya ce, "Ɗana, karanta mini suna na huɗu."

Mutumin ya yatsina fuska. "Iliyasu Mamman. Allah ya jiƙansa."

"Amin, in lokacin ya yi. Ni ne. Na daɗe kwance a asibiti can kudu, kafin in dawo an rubuta ni cikin matattu."

"To Baba, ko ma mene ne, matsa tukuna a gama."

Aka matsar da shi. Magajin gari ya dafa sunan, ya sunkuyar da kai, har da share ƙwalla. Mai sunan yana bayan rumfa cikin rana, ko kujera ba a ba shi ba.

Ashe a wurinmu gwarzo sai ya mutu yake kyau a hoto. Ku faɗa mini, ranar da Baba Ilu ya cika, wa zai riga kowa zuwa gaisuwa?