Harsashi Biyar a Gwangwanin Shayi

Warin albarushi ba ya sakin riga da wuri. Tunda na kama aikin gadi a wani filin wasan harbi a wajen Doha, kullum da shi nake komawa ɗakinmu a Mu'aither, abokan kwanana suna tsokanata wai na dawo daga yaƙi. Ni kuwa zauren kakana yake tuna mini.

Kakana, mahaifin babana, tsohon soja ne. Yana da bindiga mai lasisi, kuma shi ake kira idan gadu ya addabi gonakin rogo a ƙarshen damina. Harsashi yana wuyar samu a ƙauyenmu, don haka ba ya yar da kwanson bayan ya harba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, maƙeri ne, shi yake sake cika masa su. Ina ganinsa yana auna albarushi a hankali, ya zaunar da kan harsashin, sannan ya gwada tsawonsa da wani ɗan kara mai tsaga. Ban taɓa tambayar amfanin karan ba.

Wata ranar Laraba da hantsi, ina ɗan shekara tara, kawu ya kawo guda biyar. Kaka yana alwala, ya ce in zuba su a gwangwanin shayin da yake ajiye su. Na jera su a tsaye, murfi ya ƙi rufuwa. Ban san a kwance ake sa su ba. Ina son a ce na iya aiki, sai na ɗauki ƙotar fartanya na bubbuga kan kowanne har ya nutse kaɗan. Murfi ya rufu ruf. Har daɗi na ji.

Bayan kwana biyu aka shigo da kaka a kan amalanke, jini ya jiƙe masa gemu. Bindigar ta fashe a gindinta. Yatsu biyu suka tafi, idon dama bai sake gani ba.

A gaban mutane mahaifina ya ce wa kawu, "Kai ka cika masa albarushi."

"Wallahi Yaya, awon da na saba na yi."

Ba wanda ya yarda. Maharba suka daina zuwa maƙerarsa, kafin shekara ya kwashe kayansa ya koma birni. Mahaifiyata ta zauna tsakanin miji da ɗan'uwa, ko sunansa ba ta iya ambata a tsakar gida. Ni ma na tsane shi tare da kowa. Da ya zo sallah, na ƙi gaishe shi.

Ka yarda da ni, ban haɗa abin da gwangwanin nan ba sai watan jiya. Mai koyar da harbi a wurinmu, wani dattijo ɗan Sudan, ya tsinci harsashi ɗaya a cikin na wani baƙo ya ware shi gefe. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, wannan ba za a harba ba." Na tambaye shi dalili. Ya nuna mini yadda kan ya nutse cikin kwanso, ya ce idan ya shige fiye da ƙima, filin da albarushi zai ci wuta ya ragu, ƙarfin ya taru a wuri ɗaya, wani lokaci har ya fi ƙarfin ƙarfen bindigar. Yana magana, ni kuwa na tuna ƙotar fartanya. Sai da na nemi kujera.

Kaka ya rasu tuntuni, mahaifina ma haka. Kawu ne ya rage. Sati uku ina duba lambarsa ina ajiye waya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kira shi. Ya tambayi zafin Qatar, ya tambayi aiki. Na katse shi na faɗa masa komai.

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Ai na sani, ɗana," ya ce. "Ranar na buɗe gwangwanin na ga sauran huɗun da tabon duka a kai. Kai kaɗai kake shiga zauren."

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"Ni zan iya barin garin. Kai fa? A gidan nan za ka girma, ana nuna ka ana cewa ga wanda ya cire wa kakansa ido."

A nan inda nake aiki inji ne yake auna komai, akwai tabarau na kare ido, akwai doka a manne a kowane bango, yaro ba ya ko kusantar ƙofa. Da haka ake a ƙauyenmu, da kaka ya shiga kabari da idonsa biyu. Amma ban san ko a nan zan sami mutumin da zai ɗauki laifin wani shekara talatin bai ko yi tari ba. Kawu ya ce ya yafe tun ranar. Abin da ya rage shi ne mahaifiyata, wadda har yanzu take zaton ƙaninta ne ya nakasa surukinta. Ya ce in bar ta. Na ce masa a'a. Hutuna yana zuwa bayan azumi, kuma wannan ba maganar waya ba ce.