Madubin Zafi da Baƙin Zanen Inna

Zuru, kafin asuba

Ladan bai kira sallar farko ba Yaya Garba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na fito da takalmi a hannu don kada in tashi matata Rabi, ashe ta riga ni. Na same ta a bakin murhu tana ɗaure mana dafaffen ƙwai da gyaɗa, hasken wuta ya kama gefen fuskarta kamar jinjirin wata. Na tsaya ina kallo har sai da Yaya ya yi gyaran murya daga zaure.

"Tela, tafiya za mu yi ko waƙa za ka rera?"

Ga abin da ya tayar da mu. Mahaifinmu tsohon maharbi ne, yana zaune da Inna a wani ɗan ƙauye bayan Wasagu, kuma yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ba ya ganin komai sai hazo. Sai aka yi shela cewa likitocin ido sun sauka a Zuru, za su yi 'yan kwanaki suna cire yana, in sun tafi ba wanda ya san ranar dawowarsu. Sau biyu muka aika masa, sau biyu ya mayar da amsa iri ɗaya: akwai kurar da ta matsa wa awakin Inna, ba zai bar ƙauye ba sai ya ga bayanta.

Yaya Garba tsohon soja ne, yanzu yana gadin shanu a wata babbar gona ta wani Bature a kudancin Kaduna. Can ya aro bindigar farauta mai wani madubi a samanta, wanda ya ce yana ganin dabba cikin duhu daga nesa. Ya ce a kashe kura a dare ɗaya, a ɗauko tsoho.

Hanyar Ribah

Bayan sallah muka shiga wata tsohuwar fijo, mu biyu a gaba, jakar bindiga a kan cinyarmu. Ba mu yi nisa ba 'yan sanda suka tare mu. Yaya ya buɗe jakar, ya miƙa takardun bindiga, sajan ya duba ya mayar, amma idonsa na kan madubin.

"Oga, wannan kuma kyamara ce?"

"Ido ne," in ji Yaya. "Ba haske yake gani ba, zafin jiki yake gani. Duk abu mai ɗumi zai fito maka fari, mai sanyi ya zama baƙi."

Ya tabbatar ba harsashi a ciki, ya kunna, ya kara wa sajan a ido. Sajan ya juya ya dubi direbanmu, ya kwashe da dariya.

"Direba, wallahi kanka ya fi injin motarka zafi! Da wa ka yi faɗa da safen nan?"

"Da wa kuwa, ranka ya daɗe? Uwargida ta."

Aka ɗage mana itace muka wuce. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, duwatsu sun yi kore har wuya. Na jingina da taga ina tunanin littattafan soyayyar da nake karantawa in ɗinki ya yi sauƙi, yadda masoya ke tafiya mai nisa don ganin juna. Mu kuwa ga mu za mu je rarrashin tsoho saboda akuya.

Ribah zuwa Wasagu

A tashar Ribah muka sha kunu da ƙosai mai zafi wurin wata dattijuwa, sannan muka nemi 'yan kabu-kabu biyu, don mota ba ta son hanyar gaba a wannan lokaci. Wanda ya ɗauke ni ya dubi wandona mai guga ya girgiza kai.

"Malam, naɗe shi. Gaba akwai rahi."

Da gaskiyarsa. Kafin Kanya muka sauka muka ratsa ruwa har gwiwa, Yaya ya ɗora jakar a ka kamar jariri za a ƙetarar. A Kanya ruwan sama ya tsare mu a rumfar wani mai faci, muka cinye ƙwan Rabi tare da shi. Azahar ta yi mana a Wasagu. Na saya wa Inna goro da sabulu, Yaya ya sayi batir, daga nan muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki, ganyen dawa yana marin fuskokinmu, har muka hango kukar ƙofar gidanmu.

Gida

Baba na zaune a kan buzu, tsohuwar bindigarsa adaka jingine da bango. Tun daga sallama ya gane mu.

"Soja da Tela. An aiko ku ku kama ni ko?"

Muka durƙusa muka gaishe shi. Na dubi idanun nan da a da suke hango zomo a tsallaken fadama, yanzu sun yi fari kamar an ɗiga nono a ruwa, sai na kau da kai.

Inna ta fito da ƙwaryar fura tana ɗingisa ƙafar hagu kamar kullum. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta ce, "Wancan, ka rame." Ta juya kan Baba. "Ka ji su? Ka tashi ka bi ɗiyanka a wanke maka ido, ka ƙi. Kullum dare kana bisa dutse da bindiga, kai ba gani ba."

"Mi kika sani ga harbi? Kunnena ya hi idon wani."

"Awo. Shi ya sa ran nan ka harbe mini turmi."

"Turmin ya yi motsi."

Haka suke tun ina yaro. Na karanta littattafai sun fi a ƙirga, na haddace kalaman da saurayi ke yi wa budurwa, amma ban taɓa jin kalma mai laushi ɗaya ta ratsa tsakanin waɗannan mutum biyu ba. Har nakan ji tausayinsu.

Yaya ya fito da bindigar ya yi bayani. Baba ya shafa madubin da yatsu. Inna ce ta matso.

"Wancan, abin ga, cikin duhu duk yana gani?"

"Duk, Inna."

"Ko baƙin abu?"

"Ko mene ne," in ji Yaya, hankalinsa na kan batir. Ta juya ta koma ɗaki.

Da za mu fita bayan isha, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata abin da duk maharbin ƙasarmu ke ce wa iyalinsa: mace ba ta bin sawun mai farauta, in ta bi, dawa ta rufe, ba abin da zai fito.

"Wa zai bi ka?" in ji ta. "Barci nike ji."

Bisa dutse

Akwai wani faffaɗan dutse nesa da bayan gida, daga kansa ana hango garken awaki da bakin daji. Can muka zauna, Baba a tsakiya. Babu wata, ko tafin hannuna ba na gani. Yaya ya ba ni na leƙa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duniya ta koma baƙa da toka-toka, awakin Inna huɗu da suka rage suna kwance fari fat kamar an sauko da taurari an ɗaure su a turke. Har wani ɓera na gani yana gudu, ɗan ɗigon haske.

Muka jira. Sauro ya ci rabonsa. Yaya yana bin bakin daji da madubi a hankali, kura ba ta zo ba. Zuciyata ta fara nauyi, don na san in gari ya waye ba kura, Baba ba zai taka ko'ina ba, likitoci kuma ba za su jira shi ba.

Can Baba ya ce, "Soja, ba ni in gwada."

Yaya ya zare harsasai ya sa a aljihu, ya riƙe masa bindigar, ya kai madubin daidai idonsa na dama. Baba ya ja numfashi.

"La ilaha illallahu. Ina gani. Dishi-dishi, amma ina gani. Ga jar akuyar can, ita ka kwana nesa da 'yan uwa."

Muryarsa ta koma ta yaro. Ya riƙa juyawa a hankali, Yaya na bin sa da hannu, daga garke zuwa rumbu, daga rumbu zuwa wata ɗorawa da ke gefenmu. A nan ya tsaya cak. Ya daɗe.

"Baba, kura ce?" na tambaya a hankali.

"Kura ba ta riƙe ƙugu," in ji shi. "Kura ba ta ɗage ƙahwar hagu in ta gaji da tsayi."

Ya ɗaga murya. "Ke, 'yar mutanen Kanya! Hito!"

Sai wata murya ta fito daga gindin ɗorawa: "Ba kowa."

Yaya ya kunna tocila. Ga Inna, ta lulluɓe tun daga kai har ƙafa da baƙin zanenta na rini, wanda ba ta fitowa da shi sai zaman makoki. Ta tako tana ɗingishi, fuska a murtuke.

"Wancan, abin naku na da aljanu. Ni da na sa baƙi!"

"Inna, ai zafin jiki yake gani, ba launi ba."

"To mi ya hana ka hwaɗa tun da rana?"

Na zaci Baba zai yi faɗa a kan dawa da ta rufe. Sai na ji ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Tun yaushe?"

"Tun daren da ka hwaɗa ramin ƙasa ka ce tuntuɓe ka yi."

"Kullum?"

"To in bar ka ga kura? In na ga ka miƙe za ka gida, sai in riga ka, in kama ƙyauren langa-langa ina bugawa har ka iso."

"Na ɗauka iska ta."

"Wace iska ta san lokacin da tsoho ya gaji?"

Na tuna watannin da suka wuce, ruwa da sanyi da sauro, da wannan ƙafa tata. Baba ya lalubo hannun Yaya.

"Kashe hitila. Mayar mini da abin."

Ya sake kara ido, wannan karon tana tsaye kusa. Ya duba, ya duba.

"Soja, ina huskar?"

"Ba ya nuna kamanni sosai, Baba. Ɗumi kawai."

"Hwari dai nika gani, kamar an kunna ta." Ya sauke kai daga madubin, ya share ido da hannun riga. "Shekara biyu ke nan rabona da huskarta. Likitocin naku, sun ce in an cire yanar, mutum na ganin huska?"

"Har ƙwayar ido, Baba."

"To ku kama ni mu sauka. Da sahe mu tahi."

"Kurar fa?" in ji Yaya.

"Ta ci sa'a."

Komawa

Da gari ya waye muka kora awakin zuwa gidan maƙwabcinmu Dudu, wani Badakkare mai garken dutse da kura ba ta iya haurawa. Ya yi wata uku yana roƙon Baba ya kawo su, girman kai ya hana. Ya karɓe su yana dariya, ya ce in Baba ya dawo da ido sai ya biya shi da zomo.

Babura huɗu muka nema daga Wasagu. Duk inda aka tsaya, Baba sai ya tambaya, "Tana nan?" Inna ta amsa daga baya, "Ina za ni?" A rafin Kanya Yaya ya goya shi, ni na riƙe hannun Inna. A Ribah muka sami mota, la'asar sakaliya muka shiga Zuru, Rabi ta tarye mu da tuwon dawa da miyar kuka.

Washegari aka yi masa aiki a idon dama, aka ce na hagu sai na daman ya warke. Da aka zo cire bandeji, ni da Yaya muna tsaye a gefen gado, Inna ta raɓe can bakin ƙofa wai ita ba ta son warin magani. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, ya wuce fuskata, ya wuce ta Yaya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Matso."

Ta matso. Ya dube ta tun daga ɗankwali har haɓa.

"Ashe haka kika tsuhwa?"

"Kai dai bari a ba ka madubi," in ji Inna. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya miƙa hannu ya janye mayafin.

"Bar shi. Ban gama ba."

Muka fita muka ba su wuri.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa likitocin da ban san sunansu ba, da Dudu mai riƙon amana, da 'yan kabu-kabun da suka bi da tsofaffinmu a hankali, da Rabi da ta gyara musu ɗakinmu mu muka koma zaure. Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.