Ragon da Ya Sha Allurata

Ƙanin matata ya zuƙe allurata ya yi wa ragonsa, sannan ya cika mini kwalbar da man gyaɗa. Abin da aka yi mini ke nan. Duk wanda ya ce ai wasan ƙanin mata ne, Allah ya haɗa shi da irin nawa.

Na haura arba'in da kaɗan jikina ya mutu. In na ɗaga hauya sai in ji kamar turmi na ɗauka. Ina gyangyaɗi a majalisa, ina gyangyaɗi a bakin kasuwa, har ɗaurin auren ɗan wana an shafa fatiha ba da ni ba, alhali ina zaune a sahun gaba. Na sha jiƙe-jiƙe har ɗaci ya daina yi mini ɗaci. Daga ƙarshe wani likita a Katsina ya ɗebi jinina, ya ce sinadarin da ke riƙe ƙarfin namiji ne ya yi ƙasa. Tastostaron ya kira shi. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare, sai da na sha fama kafin harshena ya juya sunan. Maganinsa allura ce, lokaci-lokaci, kuma a asibiti.

Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce samunta aiki ne. Kamfani ɗaya in ya tsaya sai ta ɓace ɓat, in ta dawo kuma da sabon kwali daga wata ƙasa, jabu na biye da ita kamar ƙuda da mangwaro. Ya ce in duba lambar kwali ta dace da ta jikin kwalba, in duba ranar lalacewa, in ɗaga ta a haske, da yake allurar mai ce, in ga man garau yake. Kada kuma in bari zafi ya dafa ta.

Na tattake Katsina ban samu ba, sai a Kano, kwalba ɗaya tilo mai murfin roba wadda ake zuƙa a bar saura. Lissafina za ta fitar da ni damina, in nome gonata ta hanyar Tafashiya da hannuna, in daina jin ana cewa gonar malalaci ce.

Ɗakina rufin kwano ne, da rana ko ƙwai ka ajiye sai ya nuna. Shi kuwa ƙanin matata, ɗan Kusada ne amma yana da shagon maganin dabbobi kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, a nan Kankiya, ginin ƙasa mai sanyi. Ya gama sakandare, ba ya ganin kwali bai karanta shi da ƙarfi ba. Na ba shi ajiya, na ce tsakaninmu. Ya dafa ƙirji.

Allurar farko ta yi aiki. Na yi shuka ni kaɗai, har na tsallake kwata a gaban mutane don su gani.

A bayan shagon nan yana da wani rago da yake kiwo don kasuwar Layya. Ban taɓa ganin ragon rago irinsa ba, a kwance yake cin dusa, ƙuda ya sauka a idonsa ba zai ƙyafta ba. Yaron nan har gaya wa mutane yake wai ni da ragon nono ɗaya muka sha.

Da lokacin allura ta biyu ya yi na je na karɓo kwalba. Na bar ta da ragi, na tarar da ita cike har wuya. Wallahi albarka na ɗauka. Da murnata na gaya wa malamin asibiti cewa maganina haihuwa yake. Ya ɗaga kwalbar a taga, ya ga ta yi jaja-jaja, ya ɗiga a audiga ya shinshina, ya miƙo mini in shinshina. Ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ya ce in zai soya ƙosai zai karɓa, amma ba zai zuba wannan a jikin ɗan Adam ba, ruɓar da ni zai yi.

Na fito ina tsine wa masu kamfani. A majalisa na zage su ƙasa-ƙasa, har waɗanda ban san inda suke ba. Wanda ya fi kowa taya ni shi ne ƙanin matata. Ya ce duniya ta lalace, babu amana.

Na koma neman wata. Katsina babu, Kano an ce sai jirgi ya iso, wani kuma ya nuno mini mai arha wadda lambar kwalinta daban, ta kwalba daban. Jiki ya sake saki. Ciyawa ta taso ta shanye geron, ni kuma ina gindin bedi ina gyangyaɗi.

Rago kuwa ya tashi. Ya tsinke igiya, ya tunkuyi keken mai unguwa, ya kori wani mai tallan yadi har cikin zauren mutane. Ni ma ranar da na sunkuya a bayan shagon ina gyara takalmi, ya ɗauke ni ta baya ya kifa a kwamin dusa. Mutane suna ta cewa ikon Allah, ragon ya warke.

Matata ce ta fasa ƙwan ba da sani ba. Ita dama sana'ar ƙuli-ƙuli take yi. Tana gasa mini ƙugu da ruwan zafi take ba ni labarin shirmen ƙaninta, wai kwanakin baya ya zo neman man gyaɗa, ta miƙa mishi ludayi ya ce a'a, ya zaro sirinji ya zuƙa. Wato man gidana ne ma, gyaɗar da na noma bara.

Na ɗingisa har shagon. Na dangwara kwalbar a kan teburinsa, ban yi sallama ba. Bai ko musa ba. Ya ce ragon ne ya ba shi tausayi, ya ga ciwonmu ɗaya. Ya zaro kwalin ya karanta mini da Turancinsa, wai ga shi nan an rubuta da man gyaɗa ake haɗa ta tun daga kamfani.

"To mi na ɓata, Yaya? Mai dai mai ne. Wannan ma ka san hannun da ya matse shi, nasu fa?"

Masu sayen maganin tsutsa suka fashe da dariya. Da ya ga fuskata sai ya koma cewa wasa ne, tsakanin mutum da mijin yayarsa ai babu fushi. Ragon yana can baya yana dukan garu da ƙaho.

Na ce mishi, "Wasa ko? To ji nawa. Gonata tana jiran wanda ya sha allurata. Rago ba ya riƙe hauya, saboda haka kai za ka riƙe mishi. Gobe da sassafe in gan ka a hanyar Tafashiya, noman farko da maimai duk naka ne, har ranar da jirgin nan zai iso. Ka taho da ɗan'uwan nawa shi ci ciyawar da ka nome. In ka gaji kuma kada ka damu, ga kwalba nan cike, ni da hannuna zan yi maka."