Mai Jita na Ɗakin Baya

Ni ba mai dariya ba ce, duk unguwarmu a Suleja an san haka. Shi ya sa ɗan hayan nan nawa ya mai da ni ma'auninsa.

Mutumin kudu ne, Kirista, ya zo da katifa da jita a bayansa. Ranar da na ba shi ɗakin baya na gaya masa ban son kiɗa lokacin salla. Bai taɓa saɓawa ba. Ladan na ɗaga murya zai dafe wayoyin jitar da tafin hannu.

Da farko a coci yake kiɗa da wuraren biki, waƙoƙin kuma shi ke ƙirƙirar abinsa. Daga baya wani gidan talabijin a Abuja ya ɗauke shi rubuta wasan barkwanci. Da sassafe ya bi mota, da yamma ya dawo ya tsuguna gabana ina tsintar wake, ya yi mini wasan da bakinsa, muryar kowa daban. Idan fuskata ba ta motsa ba, ya watsar da shi. Idan na ja mayafi na rufe baki sai ya yi tsalle.

"Mama, na gani! Wannan ya yi."

"Tari ne," nake ce masa.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Hannun hagu ya shanye, baki ya karkace, jita ta koma jikin ƙusa. 'Yan cocinsu kan zo dubiya, kafin ya gama magana sun ɓarke da dariya. Rannan bayan sun fita ya ce, "Mama, tausayina suke ji. Ke kaɗai za ki gaya mini ko da saura a kaina. In babu, in tattara in koma garinmu."

Ya kawo mini wasa na farko, ban yi dariya ba, don babu abin dariya. Haka muka yi ta yi har damina ta shigo. Ina ganin yadda yake jan ƙafa ya koma ɗaki, raina na ƙuna, amma ban iya yi masa ƙarya ba.

Wata la'asar ya zauna a kan turmi ya ce, "Kin san mutuwa ta zo ɗaukata? Ta tarar da ke a ƙofa. Kika ce, 'Ke 'yar gidan wa? Wurin wa kika zo? Cire takalminki!' Don tsoro hannu ɗaya ta fizga ta gudu."

Ban san sanda tiren waken da nake tsinta ya kife ba. Na yi dariya har da riƙe ciki, ko mayafin ban nema ba. Shi kuwa kuka yake, kaji na cin waken.

Bai koma garinsu da ƙafarsa ba. Ya ci gaba da aika wa gidan talabijin ɗin wasa ta waya har bayan kaka. Sannan mutuwar ta dawo, ranar ina kasuwa.