Ambros Ladner, Na Ƙarshen Sauka

Tun baƙi suna cikin bargo a otal, Ambros Ladner ya riga ya hau lilon farko, wato kujerun nan da waya ke ja zuwa kan dutse. Shi kaɗai a kujera, jar rigarsa ta 'yan ceto a zuge har haɓa, burodi da cuku a aljihu, oba-oba a ƙirji. Yana isa ƙololuwa sai ya ɗaura katakansa na zamiya a ƙafa ya fara gangarowa a hankali, yana miƙar da sandunan alama da iska ta kwantar, yana ɗaure ragar bakin rami, yana ƙwanƙwasa ƙanƙara da sanda ya ji ko ta koma gilashi. Inda ya ga dutse ya leƙo, ya tsaya ya rufe shi da shebur. Kafin dubban mutane su ɓarko da katakai da allunan zamiya suna ihu, ya gama bin kowane lungu, ba wanda ya san ya wuce.

Amma aikin da muka fi saninsa da shi na yamma ne. In an tsayar da lilo, dole wani ya rage a sama, ya bar kowa ya yi gaba, sannan ya biyo baya yana duba ko an bar mutum. Shara muke ce wa aikin nan a kwarinmu na Tirol, kuma shekara arba'in da ɗoriya Ambros ne tsintsiyar babban gangare. A kowace kwana sai ya tsaya, ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara: "Hooo! Akwai saura?" Ya kasa kunne. In ya ji shiru, ya wuce. Duk shekarun nan bai taɓa barin ɗan wani ya kwana a dutse ba. Ranar Lahadin da ta wuce, ranar da ya ajiye aiki, saura kiris a bar wata, kuma son da ake masa ne ya jawo. Bari in faɗa muku yadda aka yi tun ban manta ba.

Ni ce Burgi, mai gidan miya da ke tsakiyar gangare, ƙasa da wurin nan mai santsi da muke kira Wuyan Akuya. Ni da mijina Gebhard muka riƙe gidan tun muna sabon aure. Kullum da yamma in Ambros ya yi kiransa daga saman rufinmu, Gebhard ne ke leƙowa ta taga da ludayi a hannu.

"Ba saura sai kai, tsohon bunsuru! Sauko ka sha miya kafin gwiwar nan taka ta daskare."

"Miyar taka? Gara in sha ruwan wanke tukunya."

Kuma sai ya shigo ya shanye kwano biyu na miyar sha'ir a tsaye, ya goge gashin bakinsa, ya fita.

Ku tambayi kowa a ƙauyen nan, yana da labarin Ambros. Akwai tsoho da tsohuwar da suka hau inda ya fi ƙarfinsu, suna saukowa kamar masu taka ƙwai. Ya bi bayansu har ƙasa yana rera musu waƙa, bai ce su yi sauri ba ko sau ɗaya. Akwai wani ƙaton baƙo da giya ta kwantar a bayan ragar kariya, yana minshari, dusar ƙanƙara ta fara rufe shi. Su kuwa 'yan allo, masu zamiya a kan allo guda maimakon katakai biyu, kullum cikin faɗa yake da su. "Kun taso tun daga ƙasarku ne don ku zauna da gindi a tsakiyar hanya? Ku tashi!" Amma a aljihunsa akwai sukundireba ta musamman don ɗaure musu ƙusoshin allon, kuma ko da wasa ba ya yarda a faɗa.

Nawa labarin shi ne ranar da Gebhard ya yanke jiki ya faɗi a gaban murhu, hannu a ƙirji. Ambros ne ya ɗaure shi a kwale-kwale, wato abin nan da ake jan wanda ya ji rauni a ciki, mai mariƙi gaba da baya, ya sauko da shi kamar walƙiya. Gebhard yana tsakanin rai da mutuwa, amma bakinsa bai mutu ba.

"A hankali, ɗan banza! Ba buhun dankali ka ɗauko ba."

"Buhun dankali ba ya surutu. Ci gaba da zagina, kada ka yi shiru."

Saukar nan ta ba mijina shekaru masu yawa. Ya ga auren 'yarmu, ya ɗauki jikokinsa. Ya rasu a gadonsa bara, kafin ƙanƙarar farko ta zubo, Allah ya jiƙansa. Ranar jana'iza Ambros ne a gaban akwati, kamar yadda ya saba zama a gaban kwale-kwale.

To, ranar Lahadi. Ranar rufe dutse ce, ƙarshen lokacin zamiya na bana, bayan Ista. Kai, jama'a! Rana ta fito tas, mutane suna zamiya cikin gajeren wando da tsofaffin kayan kakanninsu, 'yan allo suna wulƙitawa a iska, wasu suna ƙoƙarin tsallake kududdufin da aka haƙa a ƙasa suna faɗawa tsundum, ana shewa. Al'adarmu kuwa, in ɗan jar riga zai ajiye aiki, duk abokan aikinsa sukan jeru layi biyu a gindin dutse, su ɗaga sanduna su haɗa kamar ƙofa, 'yan badujala suna busa, ya ratsa ta ciki. Severin, matashin da ke shugabantar 'yan ceto yanzu, ya rantse ba a taɓa yin irin wadda za a yi wa Ambros ba. Kowa yana tsoron kada ya makara. Masu lilo suka kashe inji suka gangara. Waɗanda ke da sharar ƙananan hanyoyi suka bi su a guje, ko waiwaye babu. Ni kaɗai na ƙi sauka. Gebhard ne ke busa babban ƙaho a badujalar nan, har yanzu ba na iya jinta a kusa.

Da la'asar sai hazo ya sauko, ƙanƙara ta fara zubowa kaɗan-kaɗan. Ambros ya taho shi kaɗai daga ƙololuwa. Ya tsaya a Wuyan Akuya ya yi kiransa. Shiru. Can ƙasa yana jiyo ganga, ya san shi ake jira, ya san matarsa Zita tana tsaye da kek. Har ya karkata katakansa zai wuce, sai idonsa ya faɗa kan sawun allo guda ɗaya da ya kutsa ta ƙarƙashin igiyar da ke iyakance hanya ya nufi cikin itatuwa. Sabo ne, don ƙanƙarar da ke zubowa ba ta cike shi ba. Gefen nan ba sharar Ambros ba ce. Gwiwarsa kuma tun safe take cizonsa. Ya ɗaga igiyar ya shiga.

Ya yi kira, ya sake yi. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wata mata ce ke buga hular kwanonta a jikin itace, don muryarta ta riga ta dishe. Ta faɗa ramin da kan buɗe a gindin bishiya, allo yana ɗaure a ƙafarta, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, wayarta ta nutse a ƙanƙara. Femke sunanta, daga Holan. Ƙawayenta sun ɗauka ta riga su zuwa wurin biki.

"Malama, an rufe dutse," in ji Ambros yana kwance mata allon. "Ba a kwana a nan."

"Na lura," ta ce, haƙoranta na kaɗawa. "Ƙafata..."

"Na gani. Kada ki kalle ta, kalle ni, ko da yake ni ma ba kyan gani gare ni ba."

Ya tuɓe jar rigarsa ya naɗe ta. Ya danna oba-oba ya kira Severin. Ba amsa. Ya kira wannan, ya kira wancan, duk suna tsaye kusa da ganga, wa zai ji? Ya buga wa asibiti waya, suka ce jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi cikin hazon nan ba, amma motarsu za ta tarye shi a ƙasa. Kwale-kwale mafi kusa yana ƙarƙashin gidan miyata, kuma ba a sauko da shi a gangaren nan sai da mutum biyu.

Ina goge tebur sai ga shi ya banko ƙofa, daga shi sai rigar ciki, gashin baki duk ƙanƙara.

"Burgi! Ina takalmanki? Ɗauko katakanki ki kama min baya."

"Ni? Ka haukace? Rabona da kama kwale-kwale tun ina da baƙin gashi."

"Gebhard ya ce ke kika koya masa."

"Ƙarya yake yi."

"To zo ki mai da ita gaskiya. Akwai 'yar mutane a rami."

Muka ja kwale-kwalen ta tsohuwar hanyar masu itace. Ya ɗaure mata ƙafa tsakanin katako biyu, yana ta yi mata tsiya a kan 'yan allo don kada ta suma. Muka ɗaga ta, muka ɗaure, muka fito da ita kan gangare.

Wayyo, saukar nan! Ba ka ganin ko tsinin katakonka. Ambros a gaba, ba sanda, hannu biyu a mariƙi, yana yanka hazo kamar a tsakar gidansa. "Dama! Hagu! Danne, Burgi, danne!" Ƙanƙara na fesowa a fuskata, iska na kuka a kunnena.

"Kullum haka kake gudu?" Femke ta yi ƙara daga cikin bargo.

"Yau a hankali nake tafiya, akwai tsohuwa a baya!"

"Tsohuwar ce ke riƙe da ranka," na ce, "ka iya bakinka!"

A bangon ƙarshe, inda ƙanƙara ta daskare ta zama gilashi, na ga gwiwarsa tana karkarwa, nauyin mutum da na kwale-kwale duk a kanta. Na ce shi ke nan, za mu tafi mu uku. Bai saki ba. Ya kafa gefen katakansa, suna ƙara kamar ana wasa wuƙa, ya sauke mu taki-taki har muka fita daga hazon.

Sai ga duniya a gabanmu! Layi biyu na jajayen riguna, sanduna a sama, badujala ta ɓarke, jama'a suna tsalle. Da suka ga kwale-kwale sai suka ɗauka wasan bankwana ne ya shirya. Dariya ta tashi.

"Ga shi nan! Har da kayan aiki ya taho!"

"Baba Ambros, gadon da za ka riƙa kwana a kai ne ka ɗauko?"

"Ku buɗe hanya!" Ban taɓa jin muryar Ambros haka ba. Kakaki ya yi shiru, sarewa ta bi, ganga ce ta ƙarshe. A cikin shirun nan aka ji jiniyar motar asibiti tana hawowa.

Da aka tafi da Femke, da jar rigarsa a jikinta, Severin ya matso, fuskarsa ta yi fari.

"Baba, wallahi ba mu ji oba-oba ba."

"Wa ya share gefen daji yau?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Bayan tafki fa? Wa ya tsaya ya yi kira a can?"

Zita ta taɓa hannunsa. "Ambros, kek ɗin..."

"Kek ba ya jin sanyi. A tayar da lilo."

Aka tayar. Duk 'yan jar riga suka koma sama, shi ma ya bi su yana ɗingishi, da mayafin Zita a kafaɗa. Ƙauye guda muka tsaya muna kallon dutse, ba wanda ya kurɓi komai. Can sai muka fara jiyo kira daga kowace kusurwa, wannan ya yi, wancan ya karɓa, kamar dutsen ne da kansa ke magana. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ba a sami kowa ba. Sai da na ƙarshensu ya tsaya a layi sannan Ambros ya ɓullo, ya ratsa ƙarƙashin sandunan nan a hankali, rana tana shirin faɗawa bayan duwatsu. Irin ihun da aka yi, na tabbata har ƙauyen gaba sun ji. Ni ma na tsaya na saurari badujalar har ƙarshe.

Jiya na je asibiti. Likita ya ce Femke za ta taka ƙafarta. Ya ce da ta kwana a ramin nan, da ba maganar ƙafa ake yi ba. Mahaifiyarta ta zo ta jirgin ƙasa, ta rungume Ambros a tsakiyar baranda tana kuka, shi kuwa ya rasa inda zai sa hannunsa, sai cewa yake, "Aikina ne, Mama, aikina ne," ga shi ya girme ta.

Ambros, kai ne wanda kowa ya wuce ya bari a baya, don kada a bar kowa a baya. Kai ne ka dawo min da mijina ranar da na fid da rai. Ba a taɓa sa hotonka a takardar tallan dutsen nan ba, baƙi ba su san sunanka ba, amma da yawa suna cin abincin dare da iyalinsu yau saboda kai ka tsaya ka kasa kunne. Na gode. Gebhard ma da yana nan da ya gode, bayan ya gama zaginka. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya bar ka da Zita.

Ku kuma da kuka gaji jar rigar, da duk mai wani aiki da rayukan mutane ke hannunsa, ku ɗauki wannan daga gare shi. Biki zai jira ku, ko bikin wa ne. Wadda ke cikin rami ba za ta iya jira ba.