Sunan Da Maimuna Ta Ɓoye

Duk wanda ya kalli finafinan da aka yi a Jos wajajen 2005 ya san fuskar Maimuna mai waina ta unguwar Rikkos. Ita ce uwar nan mai ɗaurin ɗankwali a karkace. Darakta Badruddeen ne ya jawo ta harkar, shi kuwa aminin ɗanta na fari ne, Abdulfatah, wanda ya rasu a hatsarin mota. Shi ya sa take ce wa Badruddeen "ɗana".

To, kun dai san kunyar ɗan fari. Tun da Maimuna ta haifi yaron nan, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Babban mutum" take ce masa, har ranar da aka kawo gawarsa.

Wata rana ana ɗaukar fim a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa a Naraguta. Aikinta ta ƙwala wa ɗanta na cikin fim, Salim, kira, wai ya ɓace. Sau bakwai ana maimaitawa.

Badruddeen ya ce, "Haba Inna, wannan ai kiran masu sayen waina ne!"

Ta ce, "Yo ni ina na san Salim ɗin nan? Ko koko ban taɓa dama masa ba."

Aka yi dariya. Sai ya kori kowa gefe, ya ce wa Ikenna mai kyamara ya kashe. Ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya.

"Inna, kira babban mutum ɗin, da sunansa. Sau ɗaya, don maƙogwaro ya buɗe. Daga ni sai ke sai ruwan nan."

Ta fuskanci ruwan. Sannan ta kira. Muryar ta tsage, duwatsu suka maido mata da sunan, ta zube a ƙasa tana kukan da ta haɗiye shekara uku. A hanyar gida har albarka ta sa wa Badruddeen, ta ce ya sauke mata nauyi.

Bayan wata biyu ta je kasuwar Terminus sayen shinkafa, sai ta ji lasifikar mai sayar da kaset ta ɓarke: "Abdulfatah!" Muryarta ce, ana tallan fim. Ashe kyamara ba ta mutu ba, ashe Badruddeen ya bi fim ɗin gaba ɗaya ya canza wa Salim suna. Mai shinkafar, maƙwabciyarta ce, ta dube ta ta ce, "Au, ashe kin iya faɗa?"

Washegari da safe sai ga Badruddeen da kaset a hannu, baki har kunne.

"Inna, kin ga yadda mutane ke kuka kuwa? Har Kano ana nemanki!"

Maimuna ba ta ɗago ba. Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu.

Ta ce, "Darakta, matsa daga gaban tanda. Kana tare mini masu saye."