Ranar da Na Kai Yaya Illa Gaban Jirginsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Illa. Ni na tara kamiyo uku, manyan motocin kaya, da rumbunan albasa a Madawa, na gina gidanmu na Babankatami da siminti. Shi tabarma da buta ya bari. Amma har yau in baƙo ya ce gidan Alhaji Mamman, wato ni, sai ɗan kabu-kabu ya ce wane? In ya ce gidan Mai Jirgi, sai ya tada babur. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Cin rani ya kai shi Nijeriya, ya samu aikin zuba kwal a manyan jiragen ƙasa masu tafiya da tururi. Ƙasarmu ta Adar ba ta san layin dogo ba, don haka da ya dawo kowa ya ba shi kunne. Da karan gero yake zana musu a ƙasa: manyan ƙafafu takwas da sandar ƙarfe ta haɗa, biyu ƙanana a gaba don shan kwana, biyu a baya ɗauke da murhu. Ni kuwa in shigo da sabuwar mota, a ce barka, a koma wurinsa.

Na san an daina aiki da jiragen nan tuntuni. Sai na ɗauke shi da dattijai biyu na majalisarsa, na ce ziyara za mu. So nake su ga tarkacen da idonsu.

Da muka isa Nijeriya, mun tarar da kan jirgin a bayan tashar da ya yi aiki, ya yi tsatsa, awaki kwance a ƙarƙashinsa. Na ce, "Yaya, wanga ne dodon naka?"

Ya ce, "Shi ne. Kama mini, Mamman, gwiwa ta ƙiya."

Da kafaɗata ya hau. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora tsohon tabon ƙunarsa a bakin ƙofar murhun. Daidai wa daida. Ɗaya daga cikin dattijan ya daɗe yana kallon ƙafar jirgin da ta kusa kai masa kafaɗa, ya ce, "Illa, ashe rage muna labari ka yi!"

Da yana raye, ya ga matasa na kallon jirage masu gudu a waya, na san abin da zai tambaya: wa ke ba su wuta?

Tafiyar nan ni na zuba man mota, shi ya dawo da shaidu biyu. A ranar jana'izarsa ba wanda ya ambaci motocina. Kowa cewa yake, "Allah ya saka maka, Alhaji, kai ka cika wa tsoho burinsa." Yabon da ya fi kowanne tsada a rayuwata ke nan, kuma da mugun nufi na same shi.